Mai lambu ma yana da rabo a lambunsa: me ya sa babba ke buƙatar ganye da 'ya'yan itatuwa kullum

Daga watan Janairu zuwa Maris, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya zai ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan, ana loda su a manyan motoci zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Haka albasa ke fita daga Aliero a jihar Kebbi da Galmi a Nijar, kabeji da karas kuma daga Jos. Mu manoma mu ke cika kasuwannin ƙasar nan da kayan lambu. Amma in ka leƙa tukunyar gidan wanda ya yi wannan wahalar, sau da yawa abin da za ka tarar shi ne tuwo da miyar kuka, an jefa fasasshen tumatir uku ko huɗu wanda dillali ya ƙi saya. Mai kyau ya tafi kasuwa, mai gona da iyalinsa sun samu saura.

Akwai kuma wata fahimta da ta zauna a zukatan mutanenmu, musamman maza: mangwaro da gwaiba abin yara ne, kwaɗo abin mata ne, ganye kuma sai in hatsi ya yi ƙaranci. Magidanci zai karya da shayi da burodi, ya ci shinkafa da wake ko taliya da manja a kasuwa da rana, ya dawo ya ci tuwo da dare. Ya ƙoshi, babu shakka. Amma a ranar nan gaba ɗaya ganyen da ya shiga cikinsa bai cika tafin hannu ba. Wannan rubutun a kan jikin babba yake, jikin da ke riƙe da fartanya da injin ban ruwa, wanda in ya kwanta gidan gaba ɗaya ya kwanta.

Tsatsar da ke cin jiki

Kowa ya san abin da ke faruwa da garma in an bar ta a waje damina ta wuce a kanta: tsatsa. Kowa ya ga yadda gauta ko ayaba ke yin baƙi jim kaɗan bayan an yanka, da yadda man gyaɗa ke canja wari in ya daɗe a buɗe. Duk aikin iskar oksijin ne. Iskar da muke shaƙa mu rayu, ita ce kuma ke cin abin da ta taɓa a hankali.

Irin wannan yana faruwa a cikin jiki. Yayin da jiki ke ƙona abinci don ya samu ƙarfi, wasu ƙananan ɓurɓushi masu kaifi suna fitowa, suna taɓa ƙwayoyin jiki, da kitsen da ke yawo a cikin jini, da bangon jijiyoyi. Hayaƙin taba yana ƙara su. Hayaƙin itacen girki da matanmu ke shaƙa safe da yamma yana ƙara su, haka hayaƙin injin ban ruwa da na janareto. Jiki yana da nasa makaman da yake ƙerawa don kashe kaifin waɗannan ɓurɓushi, amma yana buƙatar taimako daga abinci. Sinadaran da ke wannan taimakon su ne masana ke kira antiyoksidan, wato masu hana tsatsa. Matsa lemun tsami a kan yankakkiyar ayaba ka ga yadda take jinkirin yin baƙi. To, bitamin C da ke cikin lemun da tsaminsa ne suka tsaya mata.

Manyan cikinsu da ya kamata manomi ya sani ba su da yawa. Akwai bitamin C. Akwai karotin, wanda ke ba karas da kabewa da mangwaro launinsu, jiki kuma yana mayar da shi bitamin A. Akwai laikofin, jan da ke cikin tumatir da kankana da jar gwaiba. Akwai bitamin E, wanda mu a nan mun fi samunsa daga gyaɗa da manta da manja. Sannan akwai tarin wasu da ke cikin jan zoɓorodo da jar albasa da ɗinya.

Nawa ne ya isa?

Tun a shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da shawarar cewa babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a kowace rana, domin rage haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in ciwon daji. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa a 2017 mutane wajen miliyan 3.9 ne suka mutu a duniya ta sanadin da ke da nasaba da ƙarancin cin waɗannan abubuwa. A lura: rogo, doya, dankalin turawa da makani ba sa cikin lissafin. Su 'yan'uwan tuwo ne, ba 'yan'uwan ganye ba.

Giram 400 ana raba shi kashi biyar, kowane kashi giram 80, kusan abin da zai cika tafin hannun babba. Matsakaicin tumatir ɗaya kashi ɗaya ne. Lemun zaƙi ɗaya, gwaiba babba ɗaya, yankan gwanda ko na kankana mai kauri, ludayi guda na dafaffen alayyahu, kowannensu kashi ɗaya ne. Yanzu mu yi lissafin gida. In akwai manya shida, ana buƙatar kilo 2.4 a rana. Kwatanta wannan da tumatir huɗu da albasa ɗaya da cokali uku na garin kuka da mutum goma za su raba. Ko kashi ɗaya cikin biyar ɗin ba kowa ya samu ba.

Ba ina cewa kowane gida zai kai giram 400 daga gobe ba. Na san yadda kuɗin taki da na fetur suke. Amma wanda ke cin kashi ɗaya ya koma biyu ko uku ya ci riba, kuma manomi ya fi kowa sauƙin yin hakan, tunda abin a gonarsa yake ko a bayan katangarsa.

Kowane launi da abin da yake ɗauke da shi

Hanya mafi sauƙi ita ce a bi launi. Mai ruwan ɗorawa zuwa ja-ja a ciki, irin su karas, kabewa, mangwaro da gwanda, karotin ne. Koren ganye mai duhu, zogale, alayyahu, rama, lalo, tafasa, ganyen wake, ganyen kuka, shi ma cike yake da karotin, koren ne kawai ya rufe shi. Kabeji da kokwamba suna da amfaninsu, amma in ana maganar karotin ba su kama ƙafar zogale da alayyahu ba, duk da cewa su ne ake gani kamar abincin 'yan birni. Dankalin Hausa mai farin ciki kusan babu karotin a jikinsa, amma akwai mai jan ciki wanda cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta fitar, irin su King J da Mother's Delight da Solo Gold. Ana noma shi kamar yadda ake noma wanda muka saba, kuma wannan ɗin, ko da yake ba ya shiga lissafin giram 400, yana ba da bitamin A sosai. Wanda ya samu igiyarsa ya riƙe ta da kyau, ya raba wa maƙwabta.

Wajen bitamin C kuwa, mutane lemu suka sani. Giram 100 na lemun zaƙi yana da wajen miligiram 50. Amma gwaiba ta haura 200, jan tattasai ya haura 120, gwanda tana da wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 45 a rana ya ishi babba, wasu ƙasashe kamar Amurka sun sa nasu ma'aunin a 75 ga mace da 90 ga namiji, tare da ƙarin 35 ga mai shan taba. Ka ga ke nan gwaiba ɗaya ta biya bukatar yini. Farin garin ɗan kuka, wanda ake damawa a nono ko a kunu, ya ninka lemu sau da dama. 'Ya'yan kashu, wanda ake cire ƙwallon a yar da tsokar a gindin bishiya, shi ma haka. Magarya ɗanya tana da nata rabon. Waɗannan duk abubuwa ne da ba a shigo da su daga ko'ina ba.

Akwai wani bambanci da ke da amfani ga mai tsara abincin shekara. Bitamin A jiki yana ajiye shi a hanta, saboda haka wanda ya sha mangwaro sosai a bazara ya ci kabewa a kaka ya yi wa kansa rumbu na wasu watanni. Bitamin C ba ya ajiyuwa haka, abin da ya yi yawa fita yake a fitsari. Shi sai an riƙa kawo shi kusan kullum. Alamomin rashinsu ma mun san su: dundumi, wato rashin gani da magariba, wanda kan kama masu ciki, na bitamin A ne. Jini a dasashi da ciwon da ke daɗewa bai warke ba suna iya zama na bitamin C.

Wani aikin bitamin C da ba a cika faɗa ba shi ne taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye da gero, wanda jini ke buƙata. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana riƙe shi. Mace mai fama da ƙarancin jini gara ta ci wakenta da ɗanyen tumatir ko ta bi shi da lemu, ta bar shayin sai bayan awa ɗaya ko biyu.

Inda ake asara: tukunya

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin gida zai iya samun ganye isasshe amma amfanin ya tsiyaye kafin a zuba a kwano.

Bitamin C yana narkewa a ruwa, kuma zafi yana kashe shi. Yadda aka saba dafa zogale da rama, a cika tukunya da ruwa, a bar su su yi ta tafasa, a tsiyaye, a matse, a zubar da ruwan, to yawancin bitamin C ɗin ya bi ruwan nan zuwa kwata. Rama dai tana da tsami da dole a rage, wannan an fahimta. Amma zogale da alayyahu ba sa buƙatar wannan doguwar dahuwar. Ruwa kaɗan, a rufe tukunya, minti kaɗan, ko a turara su kamar yadda ake turara dambu. In an tsiyaye, a zuba ruwan a miya. A miyar taushe ko fate, ganye ya zama na ƙarshen shiga, a sauke yana da sauran korensa. Sannan a wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba, kuma kada a yanka tun hantsi a bar shi a faranti sai la'asar.

Sai kanwa. Na san taɓa kanwa taɓa zuciyar uwargida ne: tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa kuɓewa da karkashi su yi yauƙi, tana sa ganye ya tsaya kore shar. Amma wannan koren yaudara ce. Kanwa tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B. Ba sai an daina ta gaba ɗaya ba. A rage ta a miyar yauƙi, a cire ta daga dahuwar zogale da alayyahu, wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba tare da ita ba, itace ma ya yi saura.

Karotin da laikofin halinsu daban ne. Su ba ruwa suke bi ba, mai suke bi. Dahuwa daidai gwargwado ba ta cutar da su, tana ma buɗe su, shi ya sa tumatirin da aka soya da ɗan mai ya fi ɗanye ba da laikofin, dafaffen karas kuma ya fi wanda aka gwaguya ɗanye ba da karotin. In babu maiƙo ko kaɗan a abincin, jiki ba ya tsotsar su da kyau. A nan iyayenmu mata sun riga masana: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, a yanka ɗanyen tumatir da albasa da tattasai a kai, ya haɗa komai. Ga karotin daga ganye, ga mai da zai ɗauke shi, ga bitamin E daga gyaɗa, ga bitamin C daga ɗanyen kayan da ba su ga wuta ba. A ganina babu wani salak na otal da ya fi shi. Abin takaicin kawai shi ne maigida kan ga an yi shi ya ce a ba yara.

Manja ma yana cike da karotin, shi ne janta. In aka ɗora ta a wuta har ta yi hayaƙi ta washe, janta ta tafi, amfanin ya tafi da ita.

Shanya

Kuka, kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono da zogale, duk da shanya muke tsallake watannin da babu ɗanye. Gaskiyar magana, busasshen ganye ya rasa mafi yawan bitamin C ɗinsa ko yaya aka shanya shi. Abin da ake iya ceto shi ne karotin, kuma babban maƙiyinsa hasken rana ne kai tsaye. Ganyen da aka baza a kan kwano ko a bakin titi ya yini uku a rana har ya koma ruwan ƙasa, ya tafi da yawan abin da ake nema. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, a ƙarƙashin rumfa ko a ɗaki mai tagogi, a kan raga ko tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa. In aka tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na minti biyu kafin a shanya, launinsa da karotin ɗinsa sun fi daɗewa. Ma'aunin mai sauƙi ne: garin kuka ko na zogale da ya fito kore ya fi wanda ya fito fari-fari ko ja-ja. A adana a mazubi mai murfi inda haske ba ya shiga, kuma ganyen ya fi garin jimirin ajiya, don haka a riƙa dakawa kaɗan-kaɗan. Tumatir da yake da ruwa sai da rana, amma a ɗaga shi daga ƙasa, a tabbata ya bushe ƙayau, domin wanda ya yi fumfuna ba abin ci ba ne. Haka ruɓaɓɓen tumatir da ake sayarwa da arha. Fasasshe na yau daban, wanda ya fara furfura daban.

Ƙwaya ba ta maye gurbin lambu

Yanzu akwai masu yawo da kwalabe a kasuwanni da tashoshin mota da kuma Facebook, suna sayar da ƙwayoyi da garuruwa masu tsada da sunan wanke jiki. Ya kamata mu san abin da bincike ya nuna. Da masana suka lura masu cin ganye da 'ya'yan itatuwa sun fi ƙarancin wasu cututtuka, sai suka ce bari a ciro karotin a zuba a ƙwaya. A ƙasar Finlan an gwada a kan maza masu shan taba sama da 29,000. Sakamakon da ya fito a 1994 ya ba kowa mamaki: waɗanda aka ba ƙwayar karotin sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu da wajen kashi 18 cikin ɗari. A Amurka an yi makamancinsa da mutane sama da 18,000, aka dakatar da shi a 1996 kafin lokacinsa, saboda ƙarin ya kai wajen kashi 28 cikin ɗari.

Abin da aka fahimta daga nan shi ne amfanin yana cikin abincin ne gaba ɗayansa. Gwaiba ba bitamin C kaɗai ba ce. Tana da ɓawo da tsoka masu gyara hanji da rage saurin hawan sukari, tana da sinadarin fotasiyam da ke taimakawa wajen hawan jini, da wasu da dama da ke aiki tare. Wannan bai shafi ƙwayoyin da asibiti ke ba masu ciki ko bitamin A da ake ɗiga wa yara ba. Waɗannan magani ne da aka auna, a karɓa a sha. Haka kuma ganye ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na sukari. Zoɓo an ga yana ɗan sassauta hawan jini a wasu gwaje-gwaje, amma wanda aka cika wa sukari ya ɓata rawarsa da tsalle. Mai ciwon sukari ya ci ɗan itacen da tsokarsa, daidai gwargwado, ya bar matsattsen ruwansa. Mai ciwon ƙoda kuwa ya tambayi likitansa tukuna, domin fotasiyam ɗin da ke amfanar wasu shi yana iya cutar da shi.

Yadda za a rufe shekara

In aka duba da kyau, babu watan da ƙasarmu ta bar mu hannu rabbana. Hunturu zuwa tsakiyar rani ga tumatir, karas, kabeji, albasa, ga lemu na zuwa daga Binuwai, ga ɗan kuka da tsamiya da magarya. Bazara ga mangwaro da kashu. Ruwa na sauka sai tafasa da rama da lalo da alayyahu su fito. Kaka ga kabewa da yakuwa da gwaiba. Inda aka fi jin jiki shi ne daga ƙarshen mangwaro zuwa lokacin da ganyen damina ya kankama, lokacin da tumatir ke tsada, kuma shi ne lokacin da aikin gona ya fi tsanani. Maganin wannan giɓin zogale ne da busasshen ganye da kabewa. Zogale biyar ko shida a bayan gida, ana ba su ruwan alwala da na ɗauraya marar sabulu, ana sare kansu daidai ƙirji don su yi rassa, za su ba da ganye lokacin da kasuwa ta bushe. Gwanda tana fara 'ya'ya cikin shekara guda. Kabewar da ta ƙosa, aka cire ta da guntun hannunta ba tare da rauni ba, tana yin watanni a inuwa.

Ga mai noman rani, shawarata ita ce ya ware kwami biyu ko uku na gida tun ranar dashe, ya haɗa alayyahu, karas, tattasai da yakuwa, kuma ranar ɗiba a cire na gida kafin dillali ya iso, ba bayan ya tafi ba. Ƙungiyoyin manoma suna iya ɗaukar abin da mutum ɗaya ba zai iya ba: gandun renon dashen gwaiba da gwanda da mangwaro mai aure, rumfar shanya guda mai raga da mata za su riƙa amfani da ita bi da bi, da musayar kaya tsakanin mai albasa da mai karas maimakon kowa ya kai kasuwa ya sayo da tsada.

Sai maganar feshi, domin babu amfanin a ce mutum ya ƙara cin ganye alhali ganyen na ɗauke da guba. Kowace kwalbar maganin ƙwari tana da kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da ɗiba. A karanta, ko a ba wanda zai karanta, a kuma cika kwanakin, ko kayan na kasuwa ne ko na gida. Wanki yana cire ƙasa da wani ɓangare na maganin da ke saman ganye, amma ba ya cire wanda ya riga ya shiga jikin shuka. Abin da za a ci ɗanye, kamar latas da kabeji da lansir, a wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, musamman in an yi ban ruwa da ruwan da ke bi ta cikin gari. Mangwaro da ayaba kuma a bar su su nuna da kansu, ko a rufe su a kwando tare da 'yan nunannu guda biyu ko uku, waɗanda za su ja sauran. Kabayid ɗin masu walda da wasu ke nuka kaya da shi, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, kuma kayan da aka nuka da shi ana gane su: bayan ya yi ruwan ɗorawa, cikin yana nan da tsami da gardi.